Hannun Lawwali a Shekarar Shuka Uku

Ruwan bana ya leƙo mu sau ɗaya ya koma. Ya sauko da ƙarfi, Batsari duka ta fita da sungumi, muka zuba iri, daga nan sama ta yi gum. Geron da ya tsiro ya nannaɗe ganye, ya yi fari-fari. Kullum da la'asar hadari zai haɗu ta gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai wata busasshiyar iska ta taso ta wargaza shi. Mutane su bi shi da ido har ya ɓace, kowa ya koma ya zauna, ba mai ce wa wani uffan.

Jiya ina zaune a rumfar 'ya'yana a bakin kasuwa, suna yankan nama ina kore musu ƙuda, iskar nan ta kawo mini warin ƙasa mai zafi, wadda ta ɗanɗana ruwa aka janye mata. Warin ya ɗauke ni ya kai ni shekara talatin da wani abu baya, shekarar da muka yi shuka uku. A wancan zamanin sama kaɗai muke tsoro. Mutum zai tafi gonarsa ta bakin daji shi ɗaya, in rana ta yi tsaka ya kwanta gindin kaɗanya ya yi barcinsa. Yanzu gonakin nesa sun koma saura, wanda ya fita ta kusa ma kunnensa yana wajen ƙarar babur. Amma zafin nan shi ne dai na waccan shekara, shirun mutane ma shi ne.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma na yi dambe har ƙafata ta fara nauyi. Da na daina shiga fage, sai Sarkin Fawa Garba ya damƙa mini samarin kwata, wurin yankan dabbobinmu, in riƙa koya musu. Yau na bar dambe da kiɗansa gaba ɗaya, ina roƙon Allah gafara kan fuskokin bayinsa da hannuna ya ɓata. Amma a lokacin, bayan wuƙa shi ne abin da na iya.

Shuka ta fari ta ƙone tun ba ta kai tsawon yatsa ba. Aka sake yayyafi, muka sake zubawa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Daga nan iri ya zama abin ɓoyo. Matata Hajara ta zuba na ukun a tukunya, ta liƙe bakin da laka, ta ce ko yara za su yi kuka su shiɗe ba mai taɓa shi. Rumbu ya yi ƙasa har sai mutum ya zura rabin jikinsa kafin ya taɓo dami. Tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Da safe kunu ne tsararo, kana sha kana hango gindin ƙwarya. Mata sukan fita tun da sanyin safiya neman yaɗiya da ganyen zogale, a dafa, a murza ɗan ƙuli-ƙuli a kai, a ce an ci. Fulani suka riƙa koro shanu kasuwa kafin su faɗi da kansu, ƙashin haƙarƙari a waje. Nama ya yi yawa, masu saye suka ƙare, shi kansa naman babu kitse, ja wur kamar igiya. Mun fita bayan gari roƙon ruwa, riguna a juye, tsofaffi suna hawaye. Muka dawo a ƙarƙashin farar rana, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa.

Cikin wannan hali Lawwali ya iso, ɗan yayata Abu da ke aure a Babban Duhu. Da ƙafa ya zo, da tsakar rana, ya durƙusa a zaure.

"Kawu, Inna tana gaishe ka."

"Ina amsawa. Yaya ruwa wajenku?"

"Babu, Kawu."

"Rumbu fa?"

Ya sunkuyar da kai. "An share shi tun watan jiya. Ta ce in zamna nan in koyi fawa, baki ɗaya ya ragu."

Saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, ƙirji kamar ƙyauren zaure. Abin da na fara lura da shi kafaɗunsa ne. Ko a durƙushe a ɗage suke har kusa da kunnuwa, kamar wanda yake jiran saukar sanda. Ban yi mamaki sosai ba, don ubansa mutum ne mai saurin hannu, duk dangi sun sani. Hajara ta aiko masa da ruwa, ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, kafin ya gama sha sai na ji ƙas. Ta tsage a hannunsa, ruwa yana bin gwiwar hannu. Ya tsaya yana kallonta, bai san ma ya matse ta ba.

A kwata ma haka. In za a kayar da sa, mai riƙe igiyar ƙafa yakan saki kaɗan ya ja kaɗan, har san ya gaji ya yarda. Lawwali in ya kama igiya sai ya kafe dugadugai ya ƙame, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Dabba ta firgita ta yi ta harbi, igiya ta goge masa tafin hannu har jini, shi kuwa ba zai saki ba sai an ɓamɓare yatsunsa.

Bayan kwata akwai wata tsamiya mai yashi a gindinta, inda yanzu aka yi shaguna. Nan samari ke taruwa bayan la'asar. Wurin yana da doka tun ta kakanni: daga ruwan fari har a kai amfanin gona gida, ba a kaɗa kalangu, ba a kuma naɗa zare. Zare shi ne igiyar da ɗan dambe ke ɗaure dunƙulensa da ita ya koma dutse, wannan sai da kaka. Da damina tsumma mai laushi ake naɗawa, a taɓa juna kawai, a koyi tsayuwa da kaucewa. Dalilin a fili yake. Duk saurayin da ke gindin tsamiyar nan hauya tana jiransa da safe, kuma kowace hauya gida guda take ciyarwa.

Lawwali ya bi ni wurin, ya roƙa in naɗa masa tsumma. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Da zarar abokin wasa ya ɗaga hannu, sai numfashinsa ya tsaya, jijiyoyin wuyansa su miƙe, ya runtse ido gam, ya sako hannu tun daga baya da duk abin da Allah ya ba shi. In kana kusa har iskar hannun za ka ji. Babu mugunta a ciki ko kaɗan, tsoro ne zalla. In ya buɗe ido ya ga mutum a ƙasa, shi ne farkon mai durƙusawa a kansa. "Sannu, don Allah sannu, wallahi ban gani ba."

Kafin wata ya juya, wani ya rasa haƙorin gaba, wani idonsa ya kumbura ya rufe. Samari suka sa masa suna Gungume, suka kuma fara neman uzuri. Wannan ciwon ciki, wancan an aike shi. Mutum ɗaya ne ya ci gaba da tsayawa gabansa, shi ne Audu, wani dogo siriri mai barkwanci, wanda ƙafarsa ta fi ta kowa sauri. Shi kaɗai ne namiji a gidansu, ga tsohuwa, ga mata da jariri a baya. Yakan zille wa hannun Lawwali kamar kifi, ya tsaya gefe yana dariya.

"Gungume, yi numfashi mana! Iskar ma fari ake yi da ita?"

Wasu manyan kwata kuwa daɗi suke ji. Suna cewa in kaka ta yi, wanga yaro shi zai kwantar mana da 'yan Safana ɗaya bayan ɗaya. Har wani ya kawo shawarar a yi masa tsaga a hannu a shafa magani, ƙarfin ya ƙaru. Sarkin Fawa bai yi dariya ba. Ya sa aka kira ni rumfarsa, na tarar yana tauna goro.

"Idi, yaron nan na gidanka."

"Ranka ya daɗe."

"Shekarar nan ba ta da wurin ajiye majinyaci. Ka ji ni da kyau. Ranar da hannunsa ya hana wani fita gona, ko na yini ɗaya ne, ranar zai koma Babban Duhu. Kwata ma ba zai sake takowa ba."

"Ranka ya daɗe, can babu ko ƙwaya."

"Na sani. Nan ma ƙwayar ba ta da yawa."

Na fito ina ganin fuskar yayata, da yadda za ta yi in ta hango shi yana shigowa da jakarsa, ga ƙannensa zube a tsakar gida.

Na gwada abin da na sani. Na yi ta daka masa tsawa, "Saki jikinka!" Duk tsawa ɗaya sai kafaɗun su ƙara hawa. Na tuna wata dabara ta maigidana na da, wanda ya koya mini dambe, na samo ƙwan zabi, mai taurin ɓawon nan, na sa masa a tafin hannu na naɗe da tsumma. Na ce ya taɓa Audu ba tare da ya fasa shi ba. Tun kafin Audu ya motsa, gwaiduwa ta fara ɗiga a yashi. Na biyu ma haka. Labari ya riga ni isa gida, Hajara ta tare ni a bakin madafa da muciya a hannu.

"Baban Sa'ade, yara suna kwana da kunu, kai kana can kana ciyar da yashi ƙwai?"

Ban sake ba. Sai na hana shi wasan gaba ɗaya, na ce ya riƙa zama a gefe yana kallo. Ya zauna, bai yi musu ba, amma ya daina magana, cin abinci ma sai ya juya wa mutane baya. Wata safiya yana feɗe akuya a kwata, Audu ya lallaɓo ta baya ya dafa masa kafaɗa, irin wasan da samari ke yi. Lawwali ya juyo gaba ɗaya da wuƙar a hannu. Bakinta ya bi gaban rigar Audu, ya tsaga ta daga ƙirji har cibiya. A fatar cikin sai wani siririn layi ja, kamar ƙaya ta ja shi. Audu ya dubi cikinsa.

"Gungume, riga ɗaya gare ni. In fiɗa za ka yi mini, bari in yi ƙiba tukuna."

Ba wanda ya yi dariya. Ranar na gane hana shi dambe bai rage komai ba. Abin da ke ɗaure a jikinsa yana nan, kuma yini yake yi da wuƙa a hannu.

Ruwa na uku ya zo da asuba, babu hadari babu iska, sai dai muka ji shi a kan rufin ɗaki. Hajara ta fasa lakar bakin tukunya da bismillah. Gida duka muka fita, ina sara da sungumi, ita da yara suna jefa iri suna rufewa da diddige, ruwa yana dukan bayanmu ba mai neman mafaka. Wannan karon ya kama. Amma wanda bai yi noma ba zai zaci yunwa tana tafiya ranar da ruwa ya sauka, alhali ranar take gyara zama. Duniya ta yi kore shar, babu abin sawa a baki. Ciyawa ta taso kafaɗa da kafaɗa da gero, dole a bi ta da hauya da ciki wayam. Mutum zai sunkuya yana noma, in ya miƙe sai ya ga duhu da 'yan taurari. Ga tururin ƙasa mai ɗumi yana shiga hanci, ga gumi yana shiga ido, ga tafasa da rama da aka ci har baki ya gaji da ɗacinsu.

Aka kira gayya a gonar Sarkin Fawa, babu ganga babu fura, sai kunun dusa a tulu. Lawwali ya kama layi biyu shi ɗaya. Yana sarar ƙasa kamar ta zage shi, bai ɗaga kai ba har azahar. Da aka tashi ya zube gindin ɗorawa, hannuwa a sake, baki a buɗe. Sai na ga kafaɗun nan sun sauka, ashe yana da wuya kamar kowa. Audu ya zo wucewa, ya kai masa naushin wasa. Lawwali ya karkatar da kai kaɗan hannun ya wuce, ya ɗan bugi cikin Audu da bayan hannu, ya yi dariya. Tun zuwansa ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.

A hanyar gida na kira su su biyu.

"Lawwali, za ka koma gindin tsamiya. Amma daga yau ba ka tsayawa gaban mutum sai ka noma masa gona. Wanda za ka yi wasa da shi da la'asar, a gonarsa za ka wuni."

"To, Kawu."

Audu ya ɗaga hannu sama. "Maigida, in dai haka ne, Allah ya ƙara masa tsoro."

Haka muka yi noman fari. Da sassafe kwata, in akwai abin yankawa. Daga nan hauya, yawanci gonar Audu, wani bi tamu. Tsohuwar Audu takan aiko masa da kwaɗon rama a ɗan akushi, tana sa masa albarka. Da la'asar ya zo gindin tsamiya hannu ya yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata. A wannan hali yana jin magana. Na koya masa ya fitar da numfashi da ƙara in hannu ya taso masa, ya kafa ido a ƙirjin abokin wasa, ya bar yatsunsa a sake cikin tsumma. Wasu samarin suka fara dawowa, don kowa yana son hauyar Gungume a gonarsa. Sai dai ni ban saki jiki ba. Na san gajiya ce ke riƙe da shi, ba shi ke riƙe da kansa ba.

Lokacin maimai, noma na biyu, gero ya kai ƙugu, aka wayi gari da ruwa irin mai hana fita. Tun safe yake zuba ba ƙaƙƙautawa har bayan azahar. Ba wanda ya je gona. Sarkin Fawa ba ya gari, ya tafi ta'aziyya Tsaskiya sai washegari. Da la'asar rana ta ɗan leƙo, wani sabon hadari kuma yana haɗuwa ta gabas, baƙi ƙirin, cida tana gurnani can ƙasa-ƙasa. Na fito daga masallaci ke nan sai na ji abin da bai kamata a ji ba a wannan watan. Kalangu, daga bayan kwata.

Ashe wasu mahautan Safana ne ruwa ya tare a garin, tare da makaɗinsu. Sun ji labarin wani ƙato da Batsari ke ɓoyewa, suka ce sai sun gani. Na iso ina haki, na tarar an yi da'ira. Lawwali yana tsakiya, ya wuni a ɗaki bai taɓa hauya ba. Wani ya naɗa masa tsumma ya ja shi tamau, ruwa ya jiƙa shi, babu sauran laushi a ciki. Kafaɗun sun koma kunnuwa. Gabansa Audu ne, yana murmushinsa. Na dubi ƙasa. Yashin ya sha ruwa ya koma taɓo mai santsi, kuma Audu ba shi da abin kare kai sai ƙafarsa.

Makaɗin ya riga ya kira sunayensu duka biyu. A al'adarmu wanda kalangu ya kira ya shiga fage ba ya fita sai an yi turmi ɗaya, wato an gwabza sau guda. In na janye Lawwali a gaban baƙi, har Safana za a kai labarin ya gudu, kuma na riga na ga abin da zama a gefe yake mayar da shi. Amma akwai abu ɗaya da al'ada ta yarda da shi: maigida yana iya karɓar wa yaronsa. Na ratsa mutane na kama hannun Audu.

"Fita. Wanga turmi nawa ne."

"Haba Maigida, bar ni da Gungumena, ai mun saba."

"Dubi ƙasa, Audu. In ka zame, wa zai yi wa tsohuwa maimai gobe?"

Ya duba. Murmushin ya ɗauke, ya ja da baya.

Baƙi suka yi sowa, makaɗi ya ƙara wa kalangu wuta, ya koma kirarina na da, wanda na yi shekaru ban ji ba. Ban naɗa komai a hannu ba. Na tsaya gaban ɗan yayata, hannuwa a ƙasa.

"Lawwali, ni ne. Yi numfashi. Dube ni."

Idonsa yana kaina amma ba ni yake gani ba. Ƙirjinsa ya cika ya tsaya. Na yi niyyar in shige masa jiki in rungume shi kafin hannun ya taso, yadda ake shige wa sa a kama wuya. Da ƙuruciya na yi haka ba adadi. Na ɗaga ƙafa, na ga idon nan ya rufe, ƙafata ta baya kuma ta zame a taɓo.

Ban ji zafi ba. Wani haske fari na gani, da ƙara kamar an kifa mini tasa a kai an buga. Sai na ji yashi a bakina, da wani abu mai ɗumi yana bin wuyana daga kunnen hagu. Na zaci an daina kiɗa. Da na ɗaga ido sai na ga hannun makaɗin yana ci gaba da motsi, bakin mutane a buɗe, amma duk abin kamar daga ƙarƙashin rijiya yake zuwa. Manyan ɗigon ruwa suka fara sauka a fuskata.

Lawwali ya zube a kaina, yana yagar tsumman da haƙori. A laɓɓansa na karanta abin da yake faɗi, Kawu, Kawu. Samari suka taso za su ɗauke ni. Na ture su.

"Kada wanda ya ɗauke ni. Ku miƙar da ni kawai. Da ƙafata zan tafi."

Da ƙafata na tafi, cikin ruwa, ina dafa katanga. Hajara ta narka man shanu ta ɗiga mini a kunnen, ta toshe da auduga. Ɗan tuwon da na ci ya dawo. In na juya kai ɗaki ya juya tare da ni.

"Gobe ba inda za ka," in ji ta.

"In rana ta fito ba a gan ni a gona ba, yaron nan ya tafi ke nan."

"To ka faɗi a can ka mutu, sai ya zauna ya gaje ka."

Da safe ita ce ta miƙo mini hauya, ba ta dube ni ba.

Gonata a bakin hanyar Safana take, hanyar da Sarkin Fawa zai biyo. Gero ya sha ruwa ya yi baƙi-baƙi don kyau, raɓa tana jiƙa wando har gwiwa. Na sunkuya na kai sara, ƙasa ta taso kamar za ta mare ni. Na dogara da ƙotar hauya har ta koma wurinta, na sake kai wani. Haka na yi ta yi, sara biyu, tsayuwa, sara biyu. Lawwali yana layin kusa da ni, idonsa ya kumbura don kuka, duk inda na bar ciyawa ya miƙo hauya ya ɗauke. Cikin kunnena wani abu yana ta kuka kamar gyare.

Rana ta ɗaga sosai sannan na hango keken Sarkin Fawa. Ya tsaya, ya jingine shi a jikin kuka, ya ratso cikin gero yana tattare babbar rigarsa. Lawwali ya durƙusa can nesa. Ni na miƙe, na yi ƙoƙarin tsayuwa sosai. Ya zo ya tsaya ta haguna. Na ga gemunsa yana motsi, ban ji ko harafi ba.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," na ce. "Aiki da godiya."

Ya dube ni, ya dubi audugar da jini ya ɓata, ya dubi ɗan abin da na noma tun safe, wanda bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba. Sannan a hankali ya zagayo ta bayana, ya dawo ta dama, ya matso da bakinsa.

"Na gan ka a gona, Idi. Maganata tana nan yadda na faɗe ta, yaro ya zamna. Amma daga yau har a yanke gero ba ya tsayawa gaban ɗan kowa. Kai ne abokin wasansa, kai kaɗai, ko ya yi noma ko bai yi ba." Ya gyara hularsa. "Kunne ɗaya ya rage maka. Ka san yadda za ka yi tattalinsa."

Ya koma ya hau kekensa. Lawwali ya matso da gwiwa.

"Kawu, mi ya ce? In tafi?"

"Ya ce ka gama layin nan. Da la'asar ni da kai ne."

Daga ranar har aka yanke gero, kullum bayan la'asar ni ke tsayawa gabansa a gindin tsamiya, ranar ruwa da ranar rana. Ina ba shi gefen kunnen da ya riga ya mutu, ina kallon idonsa ko zai rufe.